Na'urar da Na Rataya wa Baba

Shekarar da idon Baba ya rufe, zuwa masallaci ya fi komai cin ransa. Daga zaurenmu lungu ɗaya ne, amma ya rantse ba mai riƙe masa hannu. "Ni ba akuya ba ne da za a ja ni." Yayyena maza suna Kano. Ni ce a gida, da takardar injiniya da ba ta tsinana mini komai ba.

Sai na haɗa masa na'ura, girmanta bai wuce gwangwanin madara ba, ya rataya a ƙirji. Tana fitar da sautin da kunne ba ya ji, ya bugi bango ya dawo, ta auna nisan. Na bi lungun da tef na auna shi bango-bango, na saka mata taswirar. Da haka take gane inda yake da inda ya fuskanta, ta girgiza ta dama ko ta hagu, ya bi.

A tsakar gida ta yi aiki har na rangaɗa guɗa. A lungu ta kunyata ni. Ni lissafin mai tafiya a miƙe na yi, na manta mahaifina mutumin Daura ne, ba ya wuce kowa. Murya ta fito daga wani zaure, ya juya gaba ɗaya, a yi musabaha, a tambayi iyali da gajiya da jiki. Wani ya kira daga baya, ya sake juyawa. Bangon dama da na hagu kuwa ginin ƙasa ne iri ɗaya. Kafin a gama gaisuwa na'urar ta rasa gabas da yamma. Wata Laraba ta kai shi bakin kwata, ƙafarsa ta zurma. Ya dawo da wando jiƙe, jam'in la'asar ya wuce shi. Na shige ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Na sake lissafi, na kwance, na ɗaure, na zage ta, na roƙi Allah. Duk a banza. Ran nan takaici ya ishe ni na ce, "Baba, juye-juyen nan naka ne ke rikita ta." Wallahi bayani nake yi.

Daga nan sai ta gyaru. Sati guda yana zuwa yana dawowa lafiya, har na fara hura hanci. Sai tsohon telan lungunmu, abokinsa tun ƙuruciya, ya tare ni.

"'Yar nan, me na yi wa mahaifinki? Sallama yake amsa mini yana tafe. Hannuna a miƙe ya wuce."

Da azahar na laɓe a zaure na leƙa. Ga Baba yana tafiya a sandare, wuya a miƙe. Ana kiransa dama da hagu, yana amsawa bai waiwayi kowa ba.

Da ya dawo na tambaye shi dalili.

"Kin sha wahala a kanta," ya ce. "Ban so a ce aikinki bai yi ba."

Na ce ya cire ta, don Allah ya cire. Ya dafe ta da tafin hannu.

"To wa zai kai ni?"