Karan da Na Cusa wa Injin Alhaji

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Haruna makanike, mai gareji a gindin bishiyar bedi kusa da tashar Agye. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma Yaya nake ce masa, ya kuwa ci sunan.

A lokacin ina jan motar wani Alhaji, ina kai 'yan kasuwa Gangara da Gazawa. Makullin motar nan shi ne tuwon gidana, ni da mata da 'ya'ya biyar. Wata rana a hanya na ga wani siririn tiyo a saman inji ya tsage, yana fesar da hayaƙi. Da wayona na direba na ce ai ta nan yashi zai shiga. Na karyo karan gero a bakin gona, na cusa, na ɗaure tam da roba, na koma kujera ina jin kaina gwani.

Ba a yi sati ba inji ya fara zubar da baƙin mai ta ko'ina. Masu gyara biyu suka ce sai an sauke shi. Alhaji ya ce in aka tarar da hannuna a ciki, in ajiye masa makullinsa.

Sai na kai motar wurin Yaya Haruna. Bai ko ɗauki sifana ba. Da yatsa ya bi tiyon har ya zaro karan, ya dube shi, ya dube ni.

"Kai ka yi wagga shuka?"

Na sunkuyar da kai.

A nan ya koya mini cewa inji ma numfashi yake. Iska mai zafi na taruwa can ƙasa wurin mai, akwai kuma ɗan bawul, bai fi babban yatsa ba, da ke fitar da ita ta wannan tiyon. In ka toshe ta, sai ta nemi hanya ta kowace kafa, ta turo mai waje. Ya ciro bawul ɗin ya girgiza a kunne. Mai lafiya yakan yi ƙacau-ƙacau, nawa kuwa shiru, datti ya daskare shi. Ya wanke da fetur, bai motsa ba, sai ya sa sabo da sabon tiyo.

Da Alhaji ya iso ya ce, "Mi ya same ta, Haruna?"

"Hancinta ya toshe, Alhaji, na ko buɗe shi."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ni ba. Karan na cikin aljihunsa.

Yau samari na jona wa mota na'ura ta faɗi ciwonta. Na san da yana nan zai yaba, sannan ya tsokane su ya ce kunnen fa, an kai shi kasuwa? Ni dai har yau ba a juye mini baƙin mai ban girgiza ɗan bawul ɗin nan ba, in tiyo ya bushe kuma in canza shi nan take.

Garejin ya watse, mai shayi ne a wurin yanzu. Abin da ya rage shi ne shekarun da na ƙara ina jan motar, har na aurar da 'ya'yana biyu, duk albarkacin shirun mutum ɗaya. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.

Ya tafi da maganar a cikinsa, ni kuwa ba zan tafi da ita ba. Alhaji, in jikokinka sun karanta maka wannan, ni ne na toshe hancin motarka. Ka yafe mini.