Makarar da Na Ɓoye a Bayan Shago

Da safiyar nan ina buɗe shago, makulli na hannuna, aka kira ni a waya: Dokta Habibu ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin kimiyyar sinadarai ne a jami'a, maƙwabcinmu a nan Dala, kuma shi yake koyar da 'yata Nafisa. Ni kuwa kun san ni, Ɗanlami kafinta, wanda ya yi sallama da boko a aji biyu na sakandare, ba tare da boko ta yi kewarsa ba.

Abin kunya ne ya haɗa ni da shi.

Lokacin da katako ya fara gagarar talaka, sai na ga gorar nan da ake kawowa daga kudu, wadda magina ke kafawa su taka in suna ginin bene. Na ce kai, Ɗanlami, ga basira ta zo. Na sayo ɗanya shakaf, na ƙera benci uku na kai ƙofar masallacin unguwa sadaka, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Ba a yi wata biyar ba suka fara zubar da gari. Ƙwaro ya huda su ta ko'ina. Ranar wata Juma'a na zauna a kan ɗaya don in nuna wa jama'a cewa sharri ake yi mini, sai ga ni a ƙasa, ƙafafu a sama, hula ta yi nata wuri.

Tun daga ranar sunana ya koma Ɗanlami Mai Gari. Har Liman, in zai gaishe ni, sai ya kau da kai saboda dariya.

Nafisa ce ta kai labarin aji. Washegari sai ga Dokta a shagona, da babbar riga, ya tsuguna a cikin dusar katako yana murza garin nan da yatsa.

Ya ce, "Malam Ɗanlami, gora ba ta ci amanarka ba. Tuwo ka tuƙa wa ƙwari, ka kuma aika musu katin gayyata."

Na ce, "Dokta, ni da ko iyalina ba sa ƙoshi, ina na ga na ƙwari?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya tsaga wata gora ya nuna mini. Ya ce abin da Allah ya gina katako da shi, shi ya gina gora da shi: akwai zare-zaren da ke ɗaukar nauyi, akwai kuma wani abu kamar gam da ke riƙe su. Selulos da lignin, in ji Nafisa da ke tsaye a kaina yanzu tana duba rubutuna. Bambancin, gora tana tara sitaci da sukari a cikinta, su ƙwaro ke bi. Bayanta kuma akwai wani abu mai kama da yashi, shi ya sa zartona yake dakushewa ina zagin mai wasa shi a banza.

Ya ce a nemi wadda ta shekara uku zuwa huɗu, a sare ta bayan damina, a jiƙa ta cikin ruwa wata guda ana canza ruwan, a shanya a inuwa. Kuma kada in ƙara buga mata ƙusa kamar katako, tsagewa take yi. A huda, a sa turaku, a ɗaure.

Mun tsaga durom-durom muka haɗa muka jiƙa gorar a ciki. Warin da ya tashi, maƙwabta sun ɗauka jima na koma.

Shi da kansa yake zuwa duk Asabar canza ruwa, ya naɗe hannun riga. Mutumin da ake tashi tsaye in ya shiga aji. Bai taɓa gyara mini Turanci a gaban mutane ba, ko da yake na ba shi dama sau da yawa. In na ce ban gane ba, sai ya ce, "Laifina ne, bari in sake."

Ana haka makarar masallacinmu ta lalace, katakonta ya ruɓe, aka koma aro a unguwar maƙwabta. Dokta ya ce in ƙera sabuwa da gorar da muka jiƙa. Ga ƙarfi, ga rashin nauyi a kafaɗar tsofaffi.

Na ƙera. Ta yi kyau, ba yabon kai ba. Amma na kai ta bayan shago na lulluɓe da buhu.

Jama'a, benci in ya karye da mai rai, dariya za a yi. Makara in ta karye da mamaci a tsakiyar hanya, ina zan sa kaina a garin nan? Wa zai yafe mini? Damina biyu tana nan a ɓoye.

Makon jiya Dokta ya biyo ta shagon, ya rame, yana dogara sanda. Ya sa na yaye buhun. Ya ƙwanƙwasa ta sama da ƙasa, ya sa Nafisa ta shimfiɗa farar takarda, muka girgiza. Ko ƙwayar gari ba ta faɗo ba.

Ya ce, "To, Mai Gari, ina garin?"

Na ce, "Dokta, a ƙara mata damina ɗaya."

Ya ce, "Kai ba ka yarda da hannunka ba, ni na yarda da shi. In tsoro kake ji, a fara da ni."

Na ce, "Haba Dokta, wace irin magana ce wannan? Allah ya ja kwana." Muka yi dariya, ya tafi.

Yau da hantsi babban ɗansa ya zo shago, idanunsa jajur. Ya ce, "Baba Ɗanlami, Abba ya bar saƙo. Ya ce kada a je aro, akwai tamu a wurinka."

Na so in ce ta ɓace. To abu mai tsawon mutum ina zai ɓace a shagon da bai fi ɗaki ba?

Bayan azahar aka sallace shi, aka ɗauka. Kun san yadda ake yi, kowa ya sa kafaɗa ya matsa wa na baya. Ni ban matsa ba. Na maƙale a gefe tun daga masallaci har maƙabarta, kunnena a jikin gorar, ina addu'a biyu a lokaci guda, ɗaya ta Dokta, ɗaya ta turakuna.

Ko ƙas ba ta yi ba.

Da muka gama, Liman ya dafa ni ya ce, "Malam Ɗanlami, kai ta masallaci, can ne wurinta. Kuma har yanzu ƙofar nan ba benci." Bai kau da kai ba wannan karon. Ni ne na kau da nawa.

Na dawo gida na tarar da Nafisa ta yi kuka ta gaji, ga littafin da Dokta yake rubuta gwaje-gwajensa a cinyarta, ashe tun makon jiya ya damƙa mata. Ta tambaye ni yadda aka yi, na faɗa mata, ta rubuta a shafin da ya tsaya. Ta ce ranar Asabar za mu jiƙa gorar sabon benci, ita za ta riƙa canza ruwa. Na ce to Dokta ƙarama, a dai sanar da maƙwabta su tanadi turare.

Ya Allah, bawanka Habibu ya tsuguna a cikin ƙura ya koya wa jahili irina abu ba tare da ya wulaƙanta shi ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk wanda aka ɗauka a makarar nan ladan ya kai ga Dokta. Ka ba iyalinsa da ɗalibansa haƙuri, Ka sa albarka a abin da ya bar wa Nafisa.

Wanda duk ya karanta har nan, don Allah kada ya tsaya a dariyar faɗuwata daga benci. Ya yi wa Dokta Ƙulhuwallahu ƙafa uku.