Batirin Kofur a Ranar Juma'a

Shagon cajin batir ɗin na yayana ne, a Ƙofar Atiku, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano, babu taga. Ni ke zama ciki, shi yana kasuwar hatsi, sai dai ya leƙo. Lokacin soja ke mulki, wuta kuma sai ta yi kwana da kwanaki ba ta zo ba. Da abin ya ishi Yaya ya sayo farantin sola hannun wani ɗan Nijar, munka ɗora shi saman kwano, munka sauko da waya biyu cikin ɗaki, ja da baƙa. Akwai wani ɗan akwati da ake haɗa shi da shi, mai tsayar da caji in batir ya cika. Namu bai zo da shi ba. Ni ne ke aikin akwatin. In taɓa jikin batir, in leƙa ruwansa, in ya fara kumfa in cire.

Mu wutar gwamnati munka saba da ita. Ba ka tsoron ta wuce kima, kafin batir ya cika an ɗauke. Shi ya sa ran Juma'a kowane mai caji a layinmu yakan bar batir a jone, ya ja ƙofa ya tafi masallaci. Rana kuwa babu mai ɗauke ta, balle ta bazara a Sakkwato.

Wata Juma'a da safe wani kofur na soja ya kawo batirin motar ogansa, ya ce bayan an sauko zai dawo. Na jona shi, na bar wa Yaya shago, na tafi Gawon Nama sayen ruwan batir. Na ce masa in zai rufe ya cire waya. Can na yi salla. Da na dawo na tarar da shi bakin shago yana laluben makulli.

"Yaya, ka cire?"

"In cire mi? Kayan soja na. Bari shi cika sosai, kada su dawo muna da magana."

Na karɓi makullin na buɗe. Wari ya bugo ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, batirin yana ƙara kamar tukunya ta kusa tafasa. Iskar da batir ke fitarwa in caji ya yi masa yawa ba a ganin ta, amma ƙyastawa ɗaya ta ishe ta. Na san wani makanike da batir ya fashe masa, asid ya cinye masa ido ɗaya da rabin fuska.

Yaya ya miƙa hannu zai fizge waya. Na riƙe masa riga.

"Kada ka taɓa! In ka cire yanzu tartsatsi za ya yi. Buɗe ƙofar duka, ka tsaya waje."

Na ɗauki buhun hatsi wanda babu komai ciki, na taka benci na hau kwano. Kwanon yana cin tafin hannu. Na shimfiɗa buhun kan farantin, don in rana ba ta gan shi ba, wuta ta daina sauka. Ina danne bakin buhun da dutse na hango kofur ya shigo layi, sigari a bakinsa.

Yaya ya rusuna. "Ranka shi daɗe, an sauko lahiya?"

"Ina kayana?"

Na yi magana daga sama. "Yallaɓai, don Allah dakata nan. Kashe tabar tukuna."

Ya ɗaga kai ya dube ni. "Kai biri, da wa kake?"

Ya ci gaba da tafiya. Yaya ya san abin da ke cikin ɗakin, amma ya kauce masa. Ba na ganin laifinsa. A shekarun nan in kaki ya tunkaro ka, hanya kake ba shi. Na diro ƙasa, ƙafata ta gurɗe, na dai kai ƙofar kafin shi, na tare ta da hannuwana.

"Yallaɓai, ɗakin cike yake da iskar batir. In ka shiga da wutar nan, ni da kai da Yaya duk..."

Ya zuƙi tabar, kanta ya yi ja, ya sa hannu zai ture ni. Na cire ta daga bakinsa, na damƙe ta cikin tafina har ta mutu.

Marin farko ban ma ji zafinsa ba, sai ƙara a kunne. Na biyu ya kai ni ƙasa. Ya ce in kama kunne in yi tsallen kwaɗo, daga shago zuwa bakin kwata, in dawo. Mutane suna dawowa daga masallaci da darduma a kafaɗa, kowa ya sunkuyar da kai ya wuce. Ina tsallen, idona na kan aljihunsa, kada ya ciro ashana. Yaya ya kwance rawaninsa yana kaɗa shi a bakin ƙofa, yana koro iskar waje, yana ba shi haƙuri. Warin ya kai hancin kofur. Ya ja baya kaɗan, amma bai ce in tsaya ba.

Sai da ya gaji da kallona ya ce ya isa. Na shiga ɗakin da rarrafe, na saurara, batirin ya yi shiru. Na cire baƙar waya, sannan jar. Ruwansa ya ja ƙasa, na ƙara masa daga wanda na sayo, na ɗaure murfi. Jikinsa da sauran zafi, sai da tsumma na ɗauko shi na aje gaban kofur.

"In bai tada mota ba, za ka sake ganina."

Ya sa wani mai amalanke ya ɗauka, sunka tafi. Na zauna a dandamali na buɗe tafina, inda tabar ta ƙone ni ya tashi bororo. Yaya ya kawo ruwa a buta yana zuba mini, rabi yana zubewa ƙasa.