Inda Kawu Yake Dafewa

Yau likita ya shafa mini mai mai sanyi a kwiɓi don ɗaukar hoton ƙoda, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Nan yake dafewa in zai miƙe daga tabarmar shagonsa a Kilomita Biyar. Ciwon dajin ƙoda ne ya kama shi, irin wanda ya ɗauke mahaifiyarsa.

Ranar da za a yi masa aiki, 'yan bindiga suka tare hanyar asibiti. Ya dawo, ya tuɓe takalmi, ya zuba mini shayi mai citta.

"Ɗana, abin a jininmu yake. In hanya ta buɗe, tare za mu je a duba ka."

Ba ta buɗe ba sai bayan mun binne shi. Ga ni na zo, Kawu, ni kaɗai. Allah ya sanyaya makwancinka.