Gyaran da Ya Watsa Mu

Shekarar da malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki, mu huɗu 'yan aji ɗaya muka yi shawarar kada mu bari karatu ya zube mana a gida. Ni da wata yarinya Kirista, 'yar wani ma'aikacin asibiti, muna Mafara. Akwai wani ɗan Maradun, sai babbanmu, malamin firamare daga Bakura mai mata da 'ya'ya, wanda muke kira Malam. Muka tsayar da ranar Talata, don ranar kasuwa mota ba ta wuya. Muka ari aji a wata makarantar firamare a Mafara bayan an tashi yara.

Ƙididdiga ce kwas ɗin da ke ba mu tsoro, ita muka sa a gaba. Amma ba a buɗe littafi sai Malam ya iso, shi kuwa ba ya isowa sai ya zaga kasuwa. In ya zo a gaisa, a tambayi gida, a tambayi gona, a tambayi hanya. Sannan ya ɗauki alli ya miƙe gaban allo kamar yadda ya saba, mu mu takure kan bencin yara, gwiwa na dukan tebur. Ɗan Maradun ba ya karanta komai, nasa gyaɗa kai ne da "Haka na, Malam."

A wurinmu ba a gyara wa babba cikin mutane. In Malam ya yi kuskure sai a bari ya wuce, kowa ya sake lissafinsa a gida. Abin yana ci mini rai, don ba abin da ya tara mu ke nan ba.

Wata Talata ya raba jimla da adadin da ba shi ba. Yarinyar ta ɗaga hannu.

"Malam, a gafarce ni, ina ga ba da wannan za a raba ba." Ta nuna masa shafin.

Ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannuwansa. "Ashe akwai malamai wurin ga. To mi nika yi nan?" Ya gyara hula ya fita.

Ɗan Maradun ya juya gare ta. "Ke ma dai! Sai ki ba shi haƙuri."

"Haƙurin me?" in ji ta. "Amsar ce ba daidai ba."

Malam ya daina zuwa. Ɗan Maradun ya ce in babu Malam shi ma ba zai sha wahalar hanya ba. Sai na hau babur ɗin kabu-kabu har Bakura don in sasanta. Malam ya tarbe ni da fura, ya kai ni ganin shinkafarsa. Duk sanda na ɗauko zancen karatu sai ya tambaye ni jikin mahaifina. Da la'asar ya rako ni bakin titi ya ce in gaida mutanen gida. Na dawo da ƙura a ido, ban samu ko a'a ba.

Saura mu biyu, ni da ita, kuma zaman saurayi da budurwa su kaɗai a aji ba zai yiwu ba a garin da kowa ya san iyayenmu. Muka haƙura. Takan turo mini tambayoyi ta waya, in network ya yarda, sauran na fafata ni kaɗai.

Da aka janye yajin aiki muka koma makaranta. Na tarar Malam ya tara ɗalibai sababbin shiga a gindin bishiya yana koya musu, ɗan Maradun na gefensa. Kwas ɗin kuwa da ƙyar na tsallake.