Kunnen Bakri Na Dama

A unguwar Harra ta Gabas, idan lasifikar masallaci ta fara tari ko ta shaƙe muryar ladan, ba a neman kowa sai Bakri. Bahaushen Sudan ne, ya shigo Madina da ƙuruciyarsa, ga shi yanzu furfura ta cinye gemu. Shekara talatin da ɗaya yana hawa tsani. Yana da na'urar gwaji, amma tana cikin jaka ta yi tsatsa, don bai yarda da ita ba. Da kunne yake aikinsa. Sai ya manna kunci a jikin lasifika, ya runtse ido, ya ce a yi magana, sannan ya sauko ya ce waya ce ta saki ko takardar ciki ta tsage. Bai cika kuskure ba, kuma ya san haka, shi ya sa yake da ɗan taurin kai.

Sana'ar nan ita ta cinye kunnensa na hagu. Na dama ya rage, shi ma ya fara ƙugi. Kafin azumi wata likita 'yar Najeriya ta duba shi, ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ƙara mai ƙarfi guda ɗaya ta isa ta kashe wanda ya rage. Bakri bai gaya wa kowa ba, har matarsa Zulaiha. Ya san kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ba zai riƙe kurma a aikin sauti ba, kuma iƙamar gidan kaf, wato takardar izinin zamansu, a kan wannan aikin take.

Kwana biyu da ƙaramar Sallah, 'yarsu Sumaya, wadda ta fara aiki a wani otal kusa da Harami, ta shigo tana ɗaga waya. Ta sayi tikiti uku na wasan kaɗe-kaɗe irin na Turawa, mai gita da ganguna, a bakin teku can Yanbu.

"Abuya, yalla! Ko sau ɗaya dai ka ji saut na gaske, ba irin naku na masallacin unguwa ba."

Ya fara kame-kame, wai tafiyar da nisa. Zulaiha ta harare shi.

"Abu Sumaya, yarinya ta yi don ta faranta maka. Kada ka gwale ta, khalas."

Kalma ɗaya da ta fisshe shi, amma ya haɗiye ta. Abin haushi ke nan da Bakri. Ya gwammace ya tura auduga a kunne ya ja hula ya rufe da a ce 'yarsa ta san ya fara ƙarewa.

Bayan magariba aka fara. Wuta kala-kala tana yawo a sama, hayaƙi yana tashi, wasu samari masu dogon gashi suna tsalle a dandamali kamar an zuba musu barkono. Bakri ya tsaya can baya da audugarsa. Ya ga Sumaya tana dariya riƙe da hannun uwarta, har ya ji daɗi, ya ce a ransa ya tsira.

Da aka gama waƙa ta huɗu, wurin ya ɗan lafa. A nan ne ya tsinkayi wani zuuu siriri daga wata ƙatuwar lasifika da aka girke kusa da su, tsawonta ya fi nasa. Duk taron nan babu wanda ya kula. Shi kuwa abin ya hana shi sakat. Ya zare audugar don ya tabbatar, ƙafafunsa suka kai shi wurin, ya manna kuncin dama a jikinta ya runtse ido. Ya gano matsalar kuwa, waya ce ta saki. Ya ɗaga hannu zai kira ma'aikacin wurin, mai ganga ya sauke sandunansa, gita uku suka shigo tare.

Ya ji kamar an soka masa tsinke mai zafi har cikin kai. Daga nan bai sake jin komai ba. Ƙirjinsa yana amsa dukan ganga, bakunan mutane suna buɗewa suna rufewa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a kan tsani ba. Sumaya ta zo ta jawo shi tana faɗin wani abu, ya gyaɗa kai yana murmushi. Haka ya yi ta gyaɗa kai a mota har Madina, yana ce wa kansa zuwa safe kunnen zai buɗe.

Hasken rana ne ya tashe shi. Zulaiha tana zaune a bakin gado, ta riga ta ninke sallayarta. Sau uku ta kira shi daga ƙofa da asuba bai farka ba, ta ɗauka gajiya ce. Masallacin unguwa taku arba'in ne daga gidan, kuma ɗaya daga cikin lasifikunsa tagar ɗakinsu take kallo.

Ya ga bakinta yana motsi. Ya tashi zaune, ya yi magana da ƙarfin da ya sa ta zabura.

"Zulaiha, yau ba a kira sallah ba ne?"