Tiyon birkin da Umaru Ɗan Jabo ya ajiye min

Da safen nan, ko shayi ban kurɓa ba, aka bugo min waya daga Tambuwal cewa Umaru Ɗan Jabo ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe zaune da wayar a hannu. Na gaji da irin wannan kiran, sa'o'ina sun kusa ƙarewa. Da yatsa ɗaya nake wannan rubutu, ku yi haƙuri da ni.

Yawancinku ba ku san shi ba. Bakanike ne, ɗan gidan maƙera, shi ya riƙe min motata ta farko lokacin ina malamin dabbobi a zamanin Jihar Arewa. Bayan samun 'yancin kai wani Bature zai koma gida ya sayar min da 'yar ƙaramar motarsa da araha. Ni kuwa na ɗauka na zama wani abu. Ashe wahala na saya da kuɗina.

Motar nan ba ta taɓa cika sati biyu lafiya ba. Yashin hanyar Kebbe ya toshe kafireto, lagireto ya tafasa tun ban wuce rabin hanya ba, fulogi ya yi baƙi ta dinga tari. Gargada ta karya sifirin har sau biyu. Facin taya kuwa ba a magana, ƙaya ta san ni na san ta.

Umaru ba ya son canza abu in zai gyaru. Ya goge fulogi, ya wanke kafireto da fetur a kwanon sha, ya ce a ba shi sule. Sifirin da aka ce min sai fam uku a Sakkwato, a maƙerar babansa ya haɗa shi da sule goma. Ranar da fambel ya tsinke min kusa da Sanyinna, a kan keke ya iske ni da rana tsaka, har da gorar ruwa.

Yana da wata al'ada. Duk abin da ya cire a motarka, ko ƙusa ce, sai ya ɗaure shi da igiya ya miƙa maka, don ka gani da idonka cewa ya mutu. Ya ce kayan mai mota ne, ba na bakanike ba.

To ga abin da ya sa nake wannan posting.

Wata shekara Fulani suka tara shanu a Kebbe don allurar cutar bushiya. Ardo ya aiko cewa kwana ɗaya za su jira ni, ciyawa ta ƙare, za su yi kudu. Na biya wurin Umaru da hantsi ya duba min mai kawai. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya ce tiyon birki ya tsufa, man birki na tsattsafowa, kuma wannan ba abin maƙera ba ne, sai an kawo sabo daga Sakkwato, kwana biyu.

Na ce a hankali zan tafi. Ya tuna min gangaren da ke kafin rafi. Na ce na ji, ya rufe min bonet.

Ya rufe. Na murza makulli, shiru. Na sake, shiru. Ashe ya zare wani ɗan ƙarfe da ake kira rota, wanda in babu shi wuta ba ta kai wa fulogi, ya jefa a aljihu.

"Malam, motag ga ba ta zuwa Kebbe yau," ya ce. "Zage ni in kana so."

Na kuwa zage shi. Ranar kasuwa ce, mutane cike. Na ce ɓarawo ne, kuɗin tiyo yake so ya ci a kaina. Na faɗa da ƙarfi, har da nuna shi da yatsa, ina taƙama da farar rigar aiki. 

Ban samu motar haya ba sai washegari. Na isa Kebbe na tarar da kashin shanu kawai. Na sha kweri a ofis, kuma daga baya na ji an yi asara a garken Ardo. Wannan ma bai taɓa barin raina ba.

Da tiyon ya iso ya ɗaura, ya lanƙwasa tsohon da yatsu biyu a gabana. Nan take ya dare. Na gani sarai. Maimakon in ce wani abu, sai na ajiye masa kuɗinsa a kan benci, na bar shi riƙe da tiyon na ja mota. Daga ranar ban sake kai masa gyara ba. Ba fushi ba ne, kunya ce, ita kuwa ta fi fushi daɗewa. Aka yi min canjin wurin aiki, shekaru suka tafi.

Bara na je Tambuwal ta'aziyya, na daure na nemi gidansa. Na same shi a zaure, ido ya tafi, amma ina sallama ya ce, "Malamin shanu na?" Muka yi dariya. Ya tambaye ni abin da nake hawa yanzu, na ce ɗana ke tuƙa ni. Muka koka da kanikawan yau, da ko fulogi ba sa gogewa sai dai a sayo sabo.

Da zan tashi ya sa aka ɗauko wata tsohuwar gwangwani. Ya laluba ya fiddo wata baƙar roba da ta bushe, ɗaure da igiya.

"Kayanka na," ya ce. "Ka mance shi wurina."

Na karɓa. Maganar neman gafara tana bakina, wallahi tana bakina. Sai na ji kaina ina cewa zafi ya yi yawa bana. Na ce a raina zan dawo bayan Sallah in faɗa masa da kyau.

Ga tiyon nan a kan tebur gabana.

A bainar jama'a na kira shi ɓarawo, don haka a bainar jama'a zan faɗa. Umaru Ɗan Jabo ba ɓarawo ba ne. Ni ne na yi ƙarya, shi kuwa ya tsare min raina. 'Ya'yana da jikokina duk bayan wannan ranar aka same su.

Allah Ya jiƙan Umaru, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a ko a zuci. In kun gama tasa, ku roƙa min Allah Ya sa ya yafe min tun kafin ya tafi.